Mastas kan manufofin tsaron intanet: ina ya kamata Kirista ɗan Gombe ya nufa?

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujadar Hausa, 'yar yayata ta tare ni a gindin darbejiyar da ke bakin majami'armu a nan Gombe, waya a hannunta. Ta yi digirin farko a kimiyyar kwamfuta, ta gama bautar ƙasa, yau shekararta uku tana aiki a sashen kwamfuta na wani asibiti. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kawu, duba ka gani. Jami'ar Kirista ce a Amurka, suna koyar da manufofin tsaron intanet bisa koyarwar Littafi Mai Tsarki, kuma daga gida ake yi, ba sai na tafi ba. Ina ji a raina Ubangiji ne ya buɗe mini wannan ƙofa."

Na karɓa na karanta, kuma raina ya yi fari da ganin yarinyar da aka goya a gabana tana irin wannan tunani. Amma na daɗe a sashen kwamfuta na banki, na kuma riƙe sakataren ikilisiya shekara shida, na ga yadda iyalai ke sayar da gona da shanu saboda takardar da daga baya ba ta buɗe ko taga ba. Sai na ce mata ta ba ni mako biyu. Abin da na koma mata da shi ne nake shimfiɗawa a nan, don na san ba ita kaɗai ba ce. Daga Kaltungo da Billiri da Tula har Bogoro da Tafawa Ɓalewa, akwai matasan ikilisiya da yawa da irin wannan talla ke faɗowa cikin wayarsu.

Kafin a yi maganar makaranta, sai an raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: fasahar tsaron intanet daban, manufofin tsaron intanet daban.

Bara wani ya kira ma'ajin zumuntar matanmu, da murya mai ladabi, har da "salama cikin sunan Ubangiji, Mama". Ya ce za a yi taron addu'a ta waya da yamma, an tura mata lamba shida don a sa ta cikin taron, ta karanto masa. Ta karanto. Kafin ta sauke tukunya daga murhu WhatsApp ɗinta ya bar hannunta, saƙo kuma ya fara shiga wayoyin mata da sunanta: ɗanta na asibiti, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Mata huɗu sun tura kuɗi kafin ɗaya ta yi dabarar takawa gidanta ta same ta tana tankaɗe. Kwato asusun, da sa masa makulli na biyu, wato ƙarin lambar sirri, aikin mai fasaha ne, kuma a yini ɗaya muka gama. Amma da dattawa suka zauna, tambayoyin da suka taso ba na fasaha ba ne. Wa za a sanar, kuma cikin awa nawa? Wa ke da ikon roƙon banki ya riƙe asusun da kuɗin ya shiga? Ta ina mutumin ya san ita ce ma'aji? Garin bin wannan tambaya ta ƙarshe muka gano cewa rajistar ikilisiya, da sunaye da lambobin waya da unguwanni, har da hotunan katin NIN da aka tattara lokacin wani rabon tallafi, tana zaune cikin kwamfutar wani shagon buga takardu, inda aka kai a buga mana shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya ce a goge. Jikina ya yi sanyi ranar. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa addinin mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, kuma duk wanda ya tashi a yankinmu ya san dalili ba sai an faɗa masa ba. Jerin sunayen 'yan majami'a da gidajensu, ko na 'yan masallaci, ba takarda ce da za a bar ta yawo ba.

Wannan kashi na biyu shi ne manufofi: wa ke da alhakin me, wace doka ta hau kan wa, me aka yarda hukuma ta gani, me aka hana ta. A matakin ƙasa ma haka yake. Lokacin da Babban Banki ya fitar da takarda a Mayun 2024 cewa za a riƙa cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da aka tura ta waya ko intanet da sunan harajin tsaron intanet, har jama'a suka yi ca aka dakatar, maganar manufa ce. Rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, da tilasta haɗa NIN da layin waya tun Disambar 2020 a zamanin da ɗan jiharmu Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, duk manufofi ne. Wanda ke son zama a teburin da ake yanke irin wannan shawara, karatunsa dole ya haɗa doka da siyasa da tattalin arziki da ɗa'a, tare da fasaha gwargwadon yadda injiniya ba zai yi masa rufa-rufa ba.

To, hanyoyin da ke gaban irin 'yar yayata huɗu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce wadda ta zo da ita. Jami'o'in Kirista na Amurka da suka fi shahara da karatu ta intanet su ne Liberty da ke Lynchburg, wadda Jerry Falwell ya kafa a 1971, da Regent da ke Virginia Beach, wadda Pat Robertson ya kafa a ƙarshen shekarun 1970, dukansu a jihar Birjiniya. Jami'o'i ne na gaske, hukumar tantance jami'o'in kudancin Amurka ta amince da su, ba irin na ɗaki ɗaya da allo ba. Suna da mastas a tsaron intanet, suna kuma da makarantun nazarin mulki da manufofin gwamnati. Darussan sukan zo mako takwas-takwas, ɗalibi ya karanta, ya rubuta, ya amsa wa abokan karatu a zauren tattaunawa, a lokacin da ya samu sarari. Ga ma'aikaci mai iyali wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da ya fi jan hankalin matasanmu kuwa gaskiya ne, kuma ba zan raina shi ba. A can ba sai ka ajiye bangaskiyarka a bakin ƙofa kafin ka shiga aji ba. Ana sa ɗalibi ya auna darasi da Nassi, malami yakan yi wa ɗalibai addu'a, kuma tambayar "wannan daidai ne a gaban Allah?" tambaya ce da ake ba ta maki. Wanda ya yi shekara huɗu a jami'a bai taɓa jin an haɗa abin da yake karantawa ranar Litinin da abin da ya ji ranar Lahadi ba, zai ji kamar an ba shi ruwan sanyi a watan Afrilu.

Amma akwai abu uku da tallar ba ta faɗa. Na ɗaya, dokar da za a koya maka ta Amurka ce. Za ka san kundin tsarin mulkinsu da abin da ya ce kan bincike da kama kayan mutum, za ka san hukumarsu ta tsaron intanet, CISA, da aka kafa a 2018, da dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA, da tsarin tsaron intanet na hukumar ma'auninsu, NIST. Tsarin NIST yana da amfani ko'ina, mu ma a banki muna aiki da shi. Sauran kuwa, ranar da ka zauna gaban masu ɗaukar aiki a Abuja aka tambaye ka me gyaran 2024 ya canza a dokar laifukan intanet ta 2015, ko mene ne aikin ngCERT, cibiyar kai ɗauki kan harin intanet, a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ko yaya dokar 2023 ta bambanta da ƙa'idar hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta 2019, takardarka ba za ta amsa maka ba. Ayyukan da aka gina irin wannan digiri dominsu, a hukumomin tsaron Amurka da kamfanonin da ke yi musu kwangila, yawancinsu sai ɗan ƙasa da aka tantance. Kai da ke zaune a Tumfure ko Federal Lowcost ba da kai aka yi lissafin ba.

Na biyu ya fi damuna. Kiristancin da ke cikin darasin ma yana da ƙasarsa. Tambayoyin da ke ci wa mai bi na Birjiniya tuwo a ƙwarya sun taso ne daga ƙasar da Kirista suka fi yawa, gwamnati ke da ƙarfi, kotu ke aiki. Mu kuma a Gombe muna zaune gida ɗaya da Musulmi, wani lokaci uwa ɗaya uba ɗaya. A ofishinmu tebur ɗaya nake ci da mutanen da ke tashi salla in tsare musu kwamfuta, ni ma in tafi jana'iza su riƙe mini aiki. Tambayarmu ita ce yadda za a tsayar da saƙon ƙarya da zai iya ƙona unguwa kafin magariba, ba tare da an miƙa wa mai mulki sandar bugun duk wanda ya soke shi ba. Wanda ya ga yadda wayoyi suka yi zafi lokacin rikicin sarautar Mai Tangale a Billiri a Fabrairun 2021 ya san abin da nake nufi. Ni da idona na ga hoton da aka turo mini aka ce na ranar ne, alhali na taɓa ganinsa shekaru kafin nan daga wata ƙasa. Irin wannan ba ya cikin manhajar da aka rubuta wa ɗalibin Amurka. Akwai kuma haɗarin da na gani ga wani abokina da ya yi karatu a wata makaranta irin wannan: ya nuna mini rubuce-rubucensa, shafi uku na bayanin fasaha, sai a ƙarshe a liƙa aya ɗaya kamar tambarin gidan waya. Shi da kansa ya ce mini wasu malaman sun matsa masa ya yi tunani mai zurfi, wasu kuwa ganin ayar kawai ya ishe su. Ke nan zurfin ya dogara ga malamin da ka faɗa hannunsa da kuma kai kanka.

Na uku kuɗi. Irin waɗannan digiri sukan kai kiredit 30 zuwa 36 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darussa), kowane kiredit kuma sama da dala 500. Ko an yi lissafi da mafi ƙanƙanta, an haura dala 15,000. In ka ɗauki dala a naira 1,500, naira miliyan 22 da rabi ke nan, albashin mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na sama da shekara 26. Kuma bashin da ake ci da dala ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya fara biya a farkon 2023, dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, kafin ya kai tsakiyar karatu a 2024 ta haye 1,500. Ubangiji da kansa ya ce a Luka 14 mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Na karanta mata wurin, ba don in kashe mata gwiwa ba, sai don na san mahaifiyarta za ta sayar da filinta na Kaltungo ba tare da ta ce uffan ba.

Hanya ta biyu ita ce gida. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin na farko-farko da suka buɗe sashe na musamman kan tsaron intanet a ƙasar nan, kuma tana ba da digiri na biyu da na uku. Buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN tana da cibiyar ACETEL, wadda Bankin Duniya ya tallafa, mai ba da mastas da digirin digirgir a tsaron intanet daga nesa, ga kuma cibiyoyin karatun NOUN a Gombe da Bauchi. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna tana da sashen tsaron intanet, makarantarta ta gaba da digiri kuma tana ɗaukar farar hula. Kusa da mu akwai ATBU a Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya a Kashere, inda mutum zai iya bi ta kimiyyar kwamfuta ko kimiyyar siyasa ko nazarin mulki ya karkata kundin bincikensa zuwa wannan fanni.

Da naira ake biya, wannan kaɗai ya raba gardama ga gidaje da yawa. Abu na biyu da ba a cika lissafawa ba shi ne abokan aji. Wanda ke zaune kusa da kai ƙila ɗan sanda ne daga sashen laifukan intanet, ko ma'aikacin hukumar sadarwa ta NCC, ko na banki, ko soja. Bayan shekara goma su ne za su ɗaga waya in ka kira. A ƙasar nan sanin mutane jari ne, kuma zauren tattaunawar jami'ar waje ba zai ba ka wannan ba.

Raunin gida kuma a fili yake. Yawancin manhajojin na fasaha ne: lissafin kulle bayanai, tsaron hanyoyin sadarwa, binciken na'urar da aka yi laifi da ita. Doka da manufa sukan samu kwas ɗaya ko biyu. Wanda ya shiga da niyyar manufofi ya zauna jiran a ba shi, zai fito injiniya rabi, masanin doka ko kwata bai kai ba. Maganin wannan shi ne kundin bincike. Tun kafin ka sayi fom, nemi malamin da ya taɓa rubutu kan doka ko manufa, ka je ka gaishe shi, ka gaya masa abin da kake son bincika, ka ji ko zai karɓe ka. In babu irinsa a sashen, kada ka shiga. Ga kuma jinkiri: yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ko ba yajin aiki, karatun wata goma sha takwas yakan zama shekara uku saboda jiran a duba babi. Duk wanda ya bi ta nan ya san ɗacin wannan.

Wani zai ce, ai muna da jami'o'in Kirista a gida. Muna da su: Bingham ta ECWA a Karu, Karl Kumm ta COCIN a Vom, Bowen ta Baptis a Iwo, Babcock a Ilishan-Remo, Covenant a Ota. Ba sa shiga yajin aikin ASUU, kuɗinsu ya fi na gwamnati amma da naira ne, kuma suna zaune ƙarƙashin dokar da kai ma kake ƙarƙashinta. Shawarata a nan ɗaya ce: ka rubuta wa makarantar gaba da digiri ta wadda kake so, ka nemi jerin kwasa-kwasan shekarar da za ka shiga da shaidar amincewar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ga wannan digiri takamaimai. Sujadar safe da dokar sutura ba su ne ke sa manhaja ta zama ta Kirista ba. Ka ƙirga kwasa-kwasan doka da ɗa'a da idonka.

Hanya ta uku ita ce wadda 'yar yayata ba ta taɓa ji ba, kuma in maganar manufa zalla ake yi, ita ce ta fi ƙarfi cikin waɗanda ake yi daga gida. Georgia Tech da ke Atlanta ta buɗe mastas na tsaron intanet ta intanet a 2019, da rassa uku, ɗaya daga ciki na manufofi ne kacokan, ƙarƙashin makarantarsu ta manufofin gwamnati. Lokacin buɗewa an sanar cewa kuɗin duka bai kai dala 10,000 ba. Ya ɗan motsa tun daga nan, sai a duba na yanzu, amma har yau yana ƙasa da na jami'o'in Kirista da na ambata, sunan makarantar kuma ya fi nauyi a idon kamfanonin duniya. Ana karanta yadda ake tafiyar da intanet tsakanin ƙasashe, da sirrin bayanai, da rikicin ƙasa da ƙasa ta kwamfuta, irin harin da aka kai wa Estoniya a 2007 da ƙwayar cutar kwamfuta ta Stuxnet da aka gano a 2010. Amma ba wasa a ciki. Ko ɗan reshen manufofi sai ya haye kwas na fasaha mai wuya, kuma ba mai lallashinka. Ba za a yi maka addu'a a aji ba, ba kuma za a hana ka kawo hujjar ɗa'a ba muddin ka iya kare ta. Matsalar dala tana nan, matsalar dokar Amurka ma tana nan, sai dai an fi leƙa sauran duniya.

Duk karatun da za a yi ta intanet, na Kirista ko waninsa, yana da wani kuɗi da ba a rubuta shi a takardar makaranta: wuta da data. A Afrilun 2024 da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, makonni muka yi cikin duhu. Wanda ke da jarrabawar da ake sa masa ido ta kyamara a irin wannan lokaci, in ba shi da sola da batir da layin waya biyu, ya shiga uku. A sa wannan cikin lissafi tun farko. Kuma ma'aikacin gwamnati ya tambayi ofishinsa a rubuce ko za a karɓi digirin waje da aka yi daga nesa wajen ƙarin girma, tun bai biya ko sisi ba.

Ta huɗu gajeriya ce don ba a hannunka take ba: tallafin karatu. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan komai na mastas na shekara ɗaya, tana neman shekara biyu na gogewar aiki, da alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu. Akwai na Commonwealth. Royal Holloway ta Jami'ar Landan tana koyar da tsaron bayanai a matakin mastas tun 1992. Cika fom ɗin kyauta ne, saboda haka duk wanda ya cancanta ya cika kowace shekara, amma kada ya jingine rayuwarsa yana jira, don masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai cikin makon biyun nan. Me ake nufi da a karanta wannan fanni da idon Kirista? Na zauna da wani tsohon fastonmu da ya yi karatu a makarantar tauhidi ta JETS a Jos, na kai masa tambayar. Bai san komai kan kwamfuta ba, amma cikin awa ɗaya ya ba ni abin da ban samu a shafin kowace jami'a ba. Ya ce, "Ɗana, fara da Nehemiya 4. Sun yi addu'a, sun kuma sa masu gadi dare da rana. Ikilisiyar da ta ce Allah zai tsare ta bar rajistarta a kasuwa ba bangaskiya ta nuna ba." Sai ya juya ya ce in riƙe Romawa 13 a hannun dama, Ayyukan Manzanni 5 a hannun hagu: hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai laifi, amma akwai ranar da manzanni suka ce Allah ya fi cancanta a yi wa biyayya. Ya kuma tuna mini ƙidayar da Dawuda ya yi a 2 Sama'ila 24, yadda tara bayanan jama'a don ƙarfin sarki ya zama masa zunubi.

Da na dawo gida na ɗora wannan a kan sashe na 24 na dokar laifukan intanet, sai abin ya zauna daram. An rubuta sashen don hana tsangwama da barazana, amma an yi ta kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma taƙaita shi a gyaran 2024. Sau nawa na ji 'yan'uwa a majami'a suna cewa a kama wane saboda abin da ya rubuta a Facebook ya ɓata mana rai? Igiyar da ka saƙa don ɗaure maƙwabcinka, gobe da ita za a ɗaure mai bishararka. Kiristan da ya karanta manufofi da gaske shi ne zai tsaya ya kare sirrin wayar limamin unguwarsu da ƙarfin da zai kare ta fastonsa, don dukansu cikin siffar Allah aka yi su. Shi ne zai tuna da gwauruwar da kuɗinta ya narke a tsare-tsaren zuba jari na damfara irin MMM a Disambar 2016 ko CBEX a Afrilun 2025, musamman da yake sau da yawa a harabar majami'a wani ɗan'uwa ya ja ta ciki. Koyarwar yaƙin adalci da ta faro daga Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, ta ce a raba mayaƙi da wanda ba ruwansa. Lokacin da harin kwamfuta na WannaCry ya tsayar da asibitocin Ingila a 2017, wannan tsohuwar koyarwa ce ta fi kowace bayyana laifin, kuma 'yar yayata da ke tsare kwamfutocin asibiti ta fahimci haka nan take.

Wannan tunani ana iya samunsa a Regent ko Liberty in an dace da malami. Ana kuma iya samunsa a Bukuru, a makarantar tauhidi ta TCNN, ko a JETS, ko a falon tsohon fasto da kofin shayi, a kan kuɗin da bai kai na kiredit ɗaya ba. Daniyel shekara uku ya yi a makarantar Babila yana koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, abin da ya riƙe shi kuwa abokai uku ne da tagar da yake buɗewa sau uku a rana. Shi ya sa ban yarda cewa sunan Kirista a kan takarda ya cancanci ƙarin naira miliyan da yawa ga yaron da iyayensa manoma ne ba.

Akwai wanda zan ce masa ya tafi jami'ar Kirista ta waje ba tare da jinkiri ba: wanda wata ƙungiyar mishan ko hedikwatar ikilisiya za ta biya masa, kuma aikinsa zai kasance tsara yadda asibitoci da makarantu da ofisoshin ikilisiya ke riƙe bayanai, ko hulɗa da abokan aiki na ƙetare. Shi ma sai ya ɗauki dokokinmu ya karanta da kansa a gefe. Wanda ke da dala a hannu, daga aiki ko daga ɗan'uwa a waje, kuma burinsa kamfanonin duniya ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, Georgia Tech ta fi masa. Wanda zai yi aiki a NITDA ko hukumar kare bayanai ta NDPC ko banki ko gwamnatin jiha, kuma da albashinsa zai biya, ya yi a gida, ya zaɓi malami kafin ya zaɓi makaranta, ya ƙara da takardar ƙwarewa irin Security+ ko horon jami'in kare bayanai, daga baya CISM ko CISSP in shekarun aikinsa sun kai. Lauya kuma da ke sha'awar fannin kada ya ɗauka sai ya koma kimiyyar kwamfuta. Mastas a doka da kundi kan dokar 2015 ko ta 2023 hanya ce miƙaƙƙiya, kuma irinsu sun yi mana ƙaranci.

Da na gama shimfiɗa mata duk wannan a tsakar gidan mahaifiyarta, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce, "Kawu, to ƙofar da na gani fa?" Na ce mata kiran da ta ji ban yi shakkarsa ba ko kaɗan, makarantar ce kawai muke aunawa. Ta tambaye ni ko kundin bincike zai iya zama a kan yadda asibitocin mishan da majami'u a kudancin Gombe ke ajiye bayanan mutane, a auna shi da dokar 2023. Na ce mata samun wanda zai rubuta wannan da Hausa da Tangale a bakinsa, ya shiga ofishin fasto a yarda da shi, ya shiga na sakataren masallaci a ba shi kujera, ba abu ne mai sauƙi ba, ita kuwa tana da duka.

Ta rubuta wa malamai biyu, ɗaya a Minna ɗaya a ACETEL, ta kuma buɗe fom ɗin Chevening tana cikawa da dare. Baba Fasto ya ce ta riƙa zuwa ranar Asabar ta farkon kowane wata da tambayoyinta a rubuce. Filin Kaltungo yana nan, an shuka masa gyaɗa bana. Rajistar ikilisiya kuma mun je shagon ni da ita, mai shagon ya goge ta a gabanmu, yanzu kwafi biyu ne kawai, kuma dattawa sun rubuta sunan wanda ke riƙe da kowanne.